Ɗigo, Ƙwaya ko Allura: Wanne Ya Fi Arha Wajen Buɗe Ido a Tiyatar Yana?

Waɗanda suka riƙe Samsung Galaxy S9 da ta fito a 2018 za su tuna abin da aka fi yi mata talla da shi. Ƙofar kyamararta tana buɗewa da tsukewa da kanta, f/1.5 cikin duhu, f/2.4 idan haske ya yi yawa. Idon ɗan Adam tun asali haka Allah Ya yi shi. Ɗan baƙin zagayen nan da ke tsakiyar idonka rami ne, ƙofar da haske ke bi ya shiga. Naman da ya kewaye shi kuwa kamar labule yake, shi ke buɗe ƙofar ko ya tsuke ta.

A bayan wannan ƙofa akwai wani gilashi na halitta. Idan shekaru suka ja sai ya fara dusashewa, har ya yi fari. Abin da muke kira yanar ido ke nan. Maganinta tiyata: a cire gilashin da ya lalace, a sa na roba. Matsalar ita ce likita ta wannan ƙofar zai bi ya kai ga gilashin, ga shi kuma fitilar ɗakin tiyata na sa ta tsuke. Shi ya sa dole a buɗe ta da magani, ta kai faɗin milimita 6 ko fiye, ta kuma zauna a haka har a gama aiki.

Me ya kawo wannan magana shafin wayoyi da na'urori? Dalili biyu. Na farko, binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar. Ranar da Baba ko Kaka za su shiga tiyata, mu masu waya a hannu ne za mu tura kuɗin. Na biyu, gardamar da ake yi kan hanyoyin buɗe ido gardamar lissafi ce irin wadda muke yi kullum a kan firinta da tawada, ko janareto da sola. Ni ba likita ba ne, aikina rubuta manhaja, don haka ta fuskar lissafin zan yi magana.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ga yawancin asibitocinmu maganin ɗigawa ne ya fi dacewa, kuma kuɗin da za a kashe kan sabbin hanyoyi masu tsada gara a ajiye shi don 'yan tsirarun idanun da ke ƙin buɗewa. Lissafin Turai da ke nuna akasin haka daidai ne a Turai, amma kwafo shi nan ba tare da canza lambobi ba kuskure ne.

Hanyoyi uku da ake gwadawa

Ta farko ita ce maganin ɗigawa, wadda aka daɗe ana yi a ko'ina. Yawanci magani biyu ake haɗawa. Tirofikamaid yana saki jijiyar da ke tsuke ƙofar, fenilefirin kuma yana zaburar da wadda ke buɗe ta. Wasu likitocin na ƙara saikulofentolet. Nas za ta ɗiga, a jira wasu mintoci, ta sake ɗigawa, haka sau uku ko huɗu, cikin rabin awa zuwa awa guda kafin a shiga. Kwalba ɗaya kan ishi mutane da yawa.

Ta biyu wata 'yar ƙwaya ce da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, mai suna Mydriasert, ta kamfanin Théa na Faransa. Ana saka ta a cikin fatar ido ta ƙasa, tana sakin waɗancan magunguna biyu sannu a hankali. Sau ɗaya nas za ta saka, sau ɗaya za a cire kafin aiki. Sai dai tana buƙatar kamar awa guda kafin ido ya buɗe sosai, kuma kowane majiyyaci da tasa.

Ta uku ita ce zuba maganin kai tsaye cikin ido bayan an riga an kwantar da mutum. Likitoci biyu a Umeå ta ƙasar Siwidin, Lundberg da Behndig, sun wallafa gwajin wannan dabara a 2003. A 2015 Turai ta amince da Mydrane, ita ma ta Théa, wadda ta haɗa tirofikamaid da fenilefirin da maganin kashe zafi na lidokain a allura ɗaya ta mililita 0.2. Cikin daƙiƙa 30 ido ya kusa gama buɗewa. A babban gwajin da aka wallafa a 2016, kusan kashi 99 na waɗanda aka yi wa allurar ba su buƙaci ƙarin magani ba a matakin farko na aikin, masu ɗigo kuma kusan kashi 95.

Idan farashin kwali kawai za a duba babu gardama. Ɗigo ne mafi arha, ƙwaya na biye, allura ta fi su tsada.

Yadda mai tsada ke zama mai arha

Masu lissafin asibiti a Ingila da Holand ba su tsaya a kan kwali ba. Sun sa lokacin nas cikin kuɗin, sun sa safar hannu da auduga, sun sa kujerar da majiyyaci ya mamaye a ɗakin jira, da mintocin da ɗakin tiyata ke zaman banza saboda idon wani bai gama buɗewa ba. Duk wanda ya taɓa sayen firinta mai arha sannan ya je sayen tawada ya san wannan tunani. Kuɗin saye daban, kuɗin riƙewa daban.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani kawai. A ce kowane zagaye na ɗigo yana cin minti 2, da wanke hannu da rubutu a fayil. Zagaye huɗu minti 8 ke nan. Mutum 30 a rana ya zama minti 240, wato awa huɗu na aikin nas a kan ɗigo kaɗai. A ƙasar da awar nas ke da tsada, kuma gwamnati ko inshora ke sayen magani da yawa a farashin sari, tazarar da ke tsakanin ɗigo da allura na iya raguwa sosai, wani lokaci ma ta juye. Yana da kyau kuma a san cewa wasu daga cikin irin waɗannan lissafe-lissafe kamfanin da ke sayar da maganin ne ya ɗauki nauyinsu. Hakan bai mayar da su ƙarya ba, amma ya isa ya sa mutum ya duba lambobin da aka zuba a ciki.

Duk mai rubuta manhaja ya san tsari ɗaya na iya ba da amsa biyu idan aka canza abin da aka shigar. Tsarin a nan mai sauƙi ne: ka raba ƙarin kuɗin sabuwar hanya da mintocin da ta rage, sai ka ga nawa minti ɗaya ya kamata ya kai kafin cinikin ya biya.

Yanzu mu zuba namu lambobin

A ce allura ta fi ɗigo tsada da naira 10,000 a kan kowane ido, kuma ta rage wa nas minti 10. Kafin ta biya kanta sai mintin nas ya kai naira 1,000, wato naira 60,000 a awa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata. Ko ka ninka albashin nas sau nawa a kan wannan, ba za ka kusanci naira 60,000 a awa ba. Ko ka rage tazarar zuwa naira 3,000, har yanzu awa na neman naira 18,000.

A Turai mutum ne mai tsada, kaya na da sauƙi. A nan albashi da naira ake biya, kayan kuma da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda kuɗin magani ya tashi a kyamis. Sannan akwai tambayar waye zai biya. Fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Idan asibiti ya rage wa nas aiki da allura mai tsada, ribar ta asibiti ce, kuɗin kuma a kan takardar Baba zai bayyana.

Amurka ta ba da kyakkyawan darasi kan wannan. A 2014 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da Omidria, haɗin fenilefirin da ketorolak da ake zubawa cikin ruwan wanke ido don hana ƙofar tsukewa ana tsakiyar aiki. Kwalba ɗaya kusan dala 465. Idan dala tana naira 1,500, kuɗin ya doshi naira 700,000, mafi ƙarancin albashi na wata goma. Likitoci sun riƙa amfani da shi lokacin da shirin Medicare ke biyan kuɗinsa daban. Da wa'adin biyan ya ƙare a ƙarshen 2017, cinikinsa ya faɗi warwas, bai farfaɗo ba sai da aka dawo da biyan a watan Oktoban 2018. Idanun Amurkawa ba su canza a waɗannan watanni ba. Mai biya ne ya canza.

Akwai kuma bambancin aikin kansa. An gwada Mydrane a tiyatar da ake yi da injin fako, mai farfasa yana da girgizar sauti, inda ɗigon kashe zafi kaɗai ake sa wa ido. A irin wannan aiki lidokain ɗin da ke cikin allurar na da amfani sosai. A asibitocinmu da sansanonin aikin ido kyauta kuwa, aikin hannu na ƙaramin yanka ne ya fi yawa, inda ake fito da yanar a dunƙule, kuma galibi an riga an kashe idon da allura a gefensa. Ka ga an biya kuɗin maganin zafi sau biyu. Fito da yana a dunƙule kuma na son ƙofa mai faɗi, alhali allurar cikin ido ba ta cika buɗe ta kamar yadda ɗigo ke yi ba. Ƙari a kan haka, ido mai duhun launi irin namu ya fi jinkirin amsa maganin buɗewa, saboda launin na riƙe wani ɓangare na maganin. Sakamakon da aka samu a idanu masu haske sai an sake auna shi a namu.

Inda arha ba ta ado

Kada wani ya fahimci cewa kullum mafi arha ne daidai. Akwai idanun da ko an juye musu kwalba guda ba za su buɗe yadda ake so ba: na masu ciwon suga da ya daɗe, na waɗanda suka taɓa kumburin cikin ido har labulen ya manne, da na wasu tsofaffi. A 2005 likitoci biyu a Amurka, David Chang da John Campbell, suka bayyana wata matsala ga maza masu shan tamsulosin, maganin wahalar fitsari da ake sayarwa da sunaye irin su Flomax da Contiflo. Labulen idonsu yana yin laushi, yana kaɗawa, ƙofar kuma tana tsukewa ana cikin aiki. Abin kan faru har ga wanda ya daina shan maganin da daɗewa.

Aiki ta ƙaramar ƙofa na ƙara haɗarin yagewar siririyar jakar da ake zaunar da sabon gilashi a cikinta. Idan ta yage, aikin ya ƙara tsawo, ana iya buƙatar wata tiyatar, ganin ma yana iya raguwa har abada. A nan ne kuɗi ke da amfani. Akwai ƙananan ƙugiyoyi da ake ja da labulen gefe da su. Akwai zoben Malyugin, wanda likitan Rasha Boris Malyugin ya ƙirƙira, ana amfani da shi sau ɗaya a yar, kuma a Amurka ya haura dala 100. Akwai zoben B-HEX na likita Suven Bhattacharjee na Indiya. Akwai kuma adirenalin, mai arha, da ake sa wa ruwan wanke ido.

Abin lura shi ne takardar amincewa da Mydrane ta ce a yi amfani da ita ga wanda aka riga aka gwada da ɗigo a ziyarar baya, idonsa ya buɗe da kyau. Ma'ana allurar mai tsada ta masu sauƙin ido ce, ba ta magance matsalar mai taurin ido ba. Asibitin da ke da ƙaramin kasafi, idan ya zuba shi kan allura ga mutum 100, ya sayi sauri. Idan ya zuba shi kan ƙugiyoyi da zobba don 'yan kaɗan da ke cikin haɗari, ya sayi gani. Daidai ruwa daidai tsaki.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu goyon bayan allura na da magana mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta. Za su ce mintin nas na da arha a takardar albashi, amma nas ɗin ido ba ta da yawa, likitan ido ma haka. A sansanin da mutum ɗaruruwa suka yi layi tun asuba, abin da ya fi komai tsada shi ne lokacin likita. Idan ya zauna minti 10 yana jiran ido ya buɗe, wani ne a ƙarshen layi zai koma ƙauye da yanarsa. Wanda ya koma kuwa yana iya faɗawa hannun masu kwantar da yana na gargajiya, waɗanda ke tura gilashin cikin ido da tsinke. Binciken ƙasa da na ambata ya nuna kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi su, kuma sakamakon mafi yawansu ba shi da kyau. Za su ƙara da cewa ɗigo da yawa na shiga jini, kuma fenilefirin mai ƙarfin kashi 10 na iya ɗaga hawan jinin tsoho. Bakin kwalbar da ya taɓa idon wani kuma na iya ɗaukar cuta.

Duk gaskiya ne. Amma kowace daga cikin waɗannan na da magani mai rahusa. Ana da fenilefirin mai ƙarfin kashi 2.5. Ana da dabarar jiƙa ɗan tsabtataccen soso da maganin a saka a fatar ido ta ƙasa, wadda aka gwada a Ingila da Indiya, tana yin aikin ƙwayar Mydriasert da kuɗin ɗigo. Jinkirin da ke ɓata wa likita lokaci kuwa sau da yawa daga tsari yake: an fara ɗigo a makare, an manta zagaye na uku, ko an ɗiga wa kowa da sassafe har maganin ya fara sakin na ƙarshen layi. Wannan matsalar jadawali ce, kuma agogo ke warware ta.

Farashi ma ba dutse ba ne. Asibitin Aravind da Dakta Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai a 1976 ya ga gilashin roba ya fi ƙarfin talaka, sai ya buɗe masana'antar Aurolab a 1992, farashin ya sauko zuwa 'yan daloli kaɗan. Kamfanonin Indiya sun riga sun fara yin irin haɗin allurar nan. Ranar da tazarar ta sauko ƙasa sosai, tsarin lissafin da na kawo a sama da kansa zai ce a koma allura, kuma ranar zan goyi bayanta.

Abin da ke hannunmu

Amsar gaskiya tana cikin lambobin asibitocinmu, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Makka a Kano. A nan masu rubuta manhaja ke da abin yi. Abu huɗu kawai ake buƙatar rubutawa kan kowane ido: ƙarfe nawa aka yi kowane ɗigo, faɗin ƙofar lokacin da aka kwantar da mutum, ko an buƙaci ƙarin magani ko ƙugiya, da mintocin da likita ya jira. KoboToolbox ko ODK za su iya ɗaukar wannan a ƙaramar wayar Android ko babu intanet. Manhajar da za ta yi ƙara ta ce lokacin zagaye na biyu na gado na 7 ya yi, ɗalibin da ya yi wata uku yana koyo zai iya rubuta ta. Sharaɗi biyu ne: a yi da izinin asibiti tare da nas ɗin da za ta riƙe wayar, kuma kada a ɗauki sunan majiyyaci, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. Bayan wata uku, Google Sheets kaɗai ya isa ya nuna wa shugaban asibiti inda lokacinsa ke zuba.

Ga wanda kuma zai raka wani dattijo asibiti, ga abin da zai yi da wayarsa. Ka ɗauki hoton duk kwalayen maganin da yake sha ka nuna wa likita, musamman na fitsari, na suga da na hawan jini. Ka tambaya ko idon ya buɗe da kyau ranar gwaji, idan bai buɗe ba me aka tanada. Idan an kawo takardar kuɗi, ka nemi a rarrabe maka abin da ke ciki, cikin ladabi. Ku isa a kan lokacin da aka ba ku, domin awar nan ta jira ita ce lokacin da maganin ke aiki. Kada kuma ka sayi maganin buɗe ido a kyamis ka ɗiga wa kowa a gida don a rage jira. A wasu idanun yana iya toshe hanyar ruwan ido, matsinsa ya hau nan take, abin da kan makantar da mutum cikin kwanaki.

A 2021 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince su ƙara yawan masu samun tiyatar yana mai kyakkyawan sakamako da maki 30 cikin 100 kafin 2030. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce sakamako, wato mutum ya fito yana gani. Kowace naira da aka kashe wajen buɗe ido sai a auna ta da wannan, da farashinmu, da albashinmu, da launin idonmu. Idan akwai nas ko likitan ido cikin masu karanta wannan shafi da ke son a gwada manhajar agogon nan a ɗakinsu, ya yi magana. Masu rubutawa muna da yawa.